Hannun Aro

Litinin ce. Na sani don Cima ta ƙulla mini
sauran kwaɗon zogalen jiya a leda,
na hau kabu-kabu bashi
har ƙofar izin, can hanyar Tanut,
inda muke haɗa injin sussuka da injin niƙa.

Takarda ce a jikin ƙyaure,
kusurwa ɗaya ta ɗaye tana kaɗawa.
Suna goma sha bakwai.
Kyari ne mai boko, shi ya karanta mana.
Da ya kai na tara sai ya tsaya, ya haɗiye miyau,
ashe nasa ne.
Nawa na sha huɗu: Mutari Ɗan Jimma, mai walda.
Shekara shida ana ce mini "kai, mai kore",
sai yau suka san sunana, har da na ubana.

Riga biyu ce a izin nan.
Masu shuɗiya ƴan gida, masu koriya hannun aro.
Ƙarfe ɗaya muke yanka,
tartsatsi ɗaya ke cin idonmu,
shayi ɗaya muke kurɓa a butar Ilu in rana ta take.
Amma mu, duk wata uku, sai mu dangwala yatsa
a takardar wani ofis da bai san warin ƙarfe ba,
ya zare nasa kafin namu ya iso aljihu.

Mai gida ya leƙo ta taga:
oda ta ja baya, ƙarfe ya yi tsada,
kuma ai ba shi ya ɗauke mu ba.
Muka taka har Sabon Gari, muka hau bene.
Fanka na juyawa. Yaro mai ƙulla wuya ya ce
ba korarmu aka yi ba, wa'adi ne ya cika,
mu bar wayoyinmu a kunne.

To, ka ji.
Ba wanda ya kore ni.
Ni ne dai a tsaye bakin titi ƙarfe goma na safe
da kwaɗon zogale a hannu.

Na mayar da hular kwano, na mayar da gilashi.
Safar hannun ce ta ba ni wuya:
da na aje ta a teburin mai gadi
yatsun suka tsaya a lanƙwashe
kamar har yanzu suna riƙe da wani abu.
Kaka takan ce kayan aro ba ya rufe katara.
Ba ta faɗa mini yadda kayan ke ji ba
ranar da aka cire shi aka ninke.

Kwana ashirin waya na kunne.
Mai garuwa ya kira, mai ɗaki ya kira sau biyu.
Kyari ya tafi Agadas.
Ilu na tura baro a Kasuwar Dole,
in ya hango ni sai ya gyara hula ya dubi gabas.

Jiya Cima ba ta da lafiya,
ni na ɗauki tiya biyu ta hatsi
na kai niƙa bayan duwatsun Garin Malam,
na shiga layi cikin yara mata, suna ƙus-ƙus.
Tun daga nesa kunnena ya gane muryar.
Na sunkuya, na share gari da babban yatsa:
ga ɗinkina a ƙafar hagu,
ƙwarya-ƙwarya kamar kitson Cima,
har da ɗan ƙarin da nake yi a ƙarshe
don kada ya tsage.

Bai tsage ba.
Yana ta ci, yana ta amayar da gari,
ba wanda ya ce masa wa'adi ya cika.

Noti ɗaya na rawa. Na ari sifana na ɗaure shi.
Mai injin ya ce Allah ya biya,
sannan ya miƙo hannu:
dala ashirin.
Na biya.